Layin dogo ya ci gonar kakanmu, yanzu kuma an shafa mana jan fenti

Assalamu alaikum Barista. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa. Gonarmu ta gado tana jingine da tsohon layin dogon da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin cewa lokacin da Turawa suka zo aikin diga sun yanki gefen gonar kakanmu, ko anini ba su ba shi ba. Da jirgi ya yi ƙaranci a layin, sai muka riƙa noma har gab da kwangiri, ƙanena ma ya yi ɗaki biyu a wurin. Watan jiya wasu mutane suka zo a mota, suka shafa jan fenti a ɗakunan da bishiyar mangwaro huɗu, suka ce filin reluwe ne, mu tashi. Ba su bar mana takarda ba. Mu tara ne magada, ni ne babba. Za mu iya karɓo abin da aka ƙwace wa kakanmu? In hakan ba zai yiwu ba, muna da diyya?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. A idonka gona ɗaya ce, amma a idon doka fili biyu kuke da shi: yankin da aka yanka wa layin dogo kusan shekara ɗari da ta wuce, da ragowar gonar da ba a taɓa ba. Hukuncinsu daban ne, kuma duk maganar tana rataye ne a kan inda iyakar ta faɗa.

Bari in fara da wanda ba za ka ji daɗinsa ba. Labarin mahaifinku ba abin mamaki ba ne, don haka tsarin yake a wancan zamani. Tun a 1903, bayan an ci Sakkwato da yaƙi, Lugga, Baturen da ke shugabantar mulkin mallaka a Arewa, ya faɗa wa manyan gari ƙarara cewa ikon ƙasa ya koma hannun gwamnatinsa, in ta buƙaci fili za ta ɗauka. Wanda ya gaje shi a 1907, Girouard, injiniyan layin dogo ne da ya yi wa sojan Ingila aikin shimfiɗa layi a Sudan, kuma a lokacinsa aka fara layin Baro zuwa Kano wanda ya iso Kano a 1911. Shi ne kuma ya matsa aka kafa kwamitin da ya duba sha'anin filayen Arewa a 1908, daga nan aka fitar da dokar 1910. Wannan doka ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Manomi yana da haƙƙin zama da noma, amma ƙasar kanta ba tasa ba ce da zai sa mata kuɗi. In gwamnati ta buƙaci wurin don aikin jama'a, abin da za a duba shi ne guminsa da ke kan ƙasar, wato gini ko shuka ko itatuwa. Aka sake sabunta dokar a 1916, kuma a ƙarƙashinta aka ja layin da ya bi ta gonarku, wanda ya kai Kauran Namoda a 1929.

A Kudu abin ya sha bamban. Da gwamnati ta karɓi filin Apapa a Legas, basarake Amodu Tijani ya bi maganar har Landan, kuma a 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta yanke cewa a biya shi cikakkiyar diyyar ƙasar a madadin jama'arsa. Kakanka ba shi da wannan ƙofar, domin an riga an rufe ta da dokar 1910. Ni a ganina zalunci ne aka yi masa rigar doka, amma alƙali ba ra'ayina zai tambaya ba. Zai tambaya ne ko an karɓi filin bisa dokar da ke aiki a ranar. Shaidun gani da ido duk sun riga mu gidan gaskiya, ga dokokin wa'adin kai ƙara, ga shi kuma layin an gina shi, jirgi ya yi shekaru yana jigilar auduga da gyaɗa a kansa. Duk lauyan da ya ce ka kawo kuɗi zai karɓo muku wannan yankin, ka riƙe aljihunka.

Na san abin da za ka ce: ai sun bar wurin, mu muke nomawa shekara da shekaru. Mutane da yawa suna kawo mini maganar hauzi a nan, cewa wanda ya riƙe fili shekara goma mai shi yana gani bai yi magana ba, ya zama nasa. Hauzi hukunci ne da kotunan Musulunci ke amfani da shi tsakanin mutum da mutum. Rigima da hukumar gwamnatin tarayya ba a can za a yi ta ba. Filayen layin dogo sun koma hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1955, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 49, ta bar wa gwamnatin tarayya da hukumominta duk filin da ke hannunsu. Tsayawar jirgi ba ta mayar da fili ga tsofaffin masu shi. Saboda haka in awo ya nuna ɗakunan ƙanenka suna cikin wancan yanki, ba shi da haƙƙin diyya da zai tilasta a kotu. Abin da ya rage masa shi ne lallami: a ba shi lokaci ya kwashe kwanonsa da katakonsa, a bari ku girbe amfanin bana.

Akwai kafa guda da ya kamata ka sani. Gwamnati tana karɓar fili ne don amfanin jama'a kawai. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba a ƙwace wa mutum fili da sunan jama'a sannan a miƙa wa wani ɗan kasuwa. To in ka ga ana yanka wurin fuloti ana sayar wa mutane, musamman in an zarce cikin gonarku, ka dawo mu sake zama, don maganar ta canza.

Sai fili na biyu, inda ƙarfinku yake. Ragowar gonar taku ce ko da ba ku da takardar shaidar mallaka. Sashe na 36 na dokar 1978 ya ce wanda ke noma fili a karkara kafin dokar ta fito, ana ɗaukarsa tamkar an ba shi haƙƙin zama na gargajiya, kuma wannan haƙƙi yana bin gado. Gwamnati tana da ikon karɓarsa, wannan babu ja. Sashe na 28 ya ba gwamnan jiha ikon soke haƙƙin mutum saboda buƙatar jama'a, layin dogo kuwa yana ciki, kuma in gwamnatin tarayya ce ke so, ta hannun gwamnan ake bi. Haka ake yi a sababbin layukan Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikin gina su a 2021. Amma ikon yana da sharuɗɗa. Dole sokewar ta fito a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, kuma dole a isar da sanarwar ga mai filin. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isarwa: a ba shi hannu da hannu, ko a kai gidansa, ko a aika ta gidan waya da rajista, in kuma an rasa sanin mai wurin a manna ta a inda kowa zai gani. Jan fenti a jikin mangwaro ba ya cikin waɗannan. Kotuna sun sha rushe karɓar fili saboda rashin sanarwa kaɗai.

Diyya kuma tsarin mulkin 1999 ne da kansa ya wajabta ta, a sashe na 44, ya ce a biya ba tare da jinkiri ba, kuma mai dukiya yana da damar zuwa kotu. Sai dai kada ka sa rai da kuɗin ƙasa irin na kasuwa. Dokar 1978 ta gaji tunanin 1910: sashe na 29 gumin da ke kan ƙasa yake biya. Gini ana lissafa abin da zai ci a sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi, a ƙara kuɗin ruwa in an yi jinkirin biya. Amfanin gona da itatuwa kuma da farashin da jami'in gwamnati ya tsara. Shi ya sa ranar ƙidaya ta fi ranar biya muhimmanci. Ɗorawa ɗaya, kaɗanya ɗaya, rijiya, rumbu, shingen da kuka dasa, in ba a rubuta ba a ranar, sun tafi ke nan. Sashe na 33 ya kuma ba gwamna damar ya ba mutum wani wurin zama a madadin kuɗi in gida aka taɓa. In adadin bai yi muku ba, sashe na 30 ya ce a kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha. Dokar ta so ta hana kotu duba yawan diyya, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna a 1986, ta ce wannan hani ya ci karo da tsarin mulki.

To ina iyakar take? A nan nake so kuɗinku ya tafi. A bakin mutane za ka ji kowa da nasa awon, wani ya ce taku kaza daga kwangiri, wani ya ninka. Faɗin filin ba ɗaya ba ne ko'ina, a kusa da tasha ya fi buɗewa, kuma taswirar da aka zana lokacin aikin ita ce alƙali. Na taɓa raka wani dattijo irin wannan rigima. Mun yi wuni muna musu da ma'aikata a rana, sai wani tsoho da ya yi aikin gyaran layi yana saurayi ya ce a tona gindin wata aduwa. Ba a yi zurfin kamu biyu ba sai ga turken siminti da lamba a kansa. Rabin abin da dattijon yake kuka a kai ya tabbata ba nasa ba ne, rabin kuma ma'aikatan suka janye da kansu ba tare da an je kotu ba. Ku nemi safiyo mai lasisi, ba ɗan koyo ba, ya nemo irin waɗannan turaku, ya auna gonar gaba ɗaya, ya fitar muku da taswira. In ana buƙatar tsofaffin takardu, ofishin safiyo janar na jiha da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna su ne wuraren dubawa.

Kafin nan, ka fara sanin su wane ne suka zo. Ba duk mai mota da gwangwanin fenti ne ma'aikacin gwamnati ba, 'yan damfarar fili ma haka suke zuwa. Ku je wurin dagaci da hakimi ku ji ko an sanar da su. Sannan lauya ya rubuta wa hukumar jiragen ƙasa da ma'aikatar filaye ta jiha wasiƙa, yana neman a faɗi wanda ya turo mutanen, da dalili, da taswirar da suka dogara da ita. Ka tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku ɗauki hoton komai yau, ɗakuna da itatuwa da shuka da fentin kansa. Ku tattaro tsofaffin rasiɗan haraji, da takardar rabon gado in kotu ta raba, da maƙwabtan gona masu shekaru da za su iya shaida.

Ku tara ne, to ku zauna ku rubuta wanda zai yi magana da yawunku, kowa ya sa hannu, mata ma da ke gidan aure a kai musu. Na ga diyyar da ta shige aljihun mutum ɗaya saboda sunansa kaɗai aka rubuta ranar ƙidaya, zumunci ya watse a kanta. Masu ƙiyasta kadara za su zo su ce ku ba su wakilci su bi muku haƙƙi. Aikinsu halal ne, suna da amfani, amma a rubuta kason da za su ɗauka, kuma kuɗin ya faɗa asusunku ba nasu ba. Kada wani ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Wani tarko kuma: hukumar jiragen ƙasa tana da kamfanin da ke kula da filayenta, yana ba da haya. In awo ya nuna wurin nasu ne, neman haya hanya ce mai kyau da ƙanenka zai ci gaba da zama. Amma in kuka yi gaggawar biyan haya kafin awo, kun amsa da hannunku cewa filin ba naku ba ne, kuma wannan rasiɗin za a ɗaga muku a kotu.

In aka zo da motar rusau kafin a amsa wasiƙarku, kada ku tare ta da jiki, kada matasa su taɓa kwangiri ko ma'aikaci, don nan take maganar fili za ta koma ta laifi. Lauya ya garzaya Babbar Kotun Jiha, wadda ita ce ke sauraron rigimar mallakar fili, ya nemi umarnin a dakata har a tantance iyaka. Ka tuna masa ya duba dokar hukumar jiragen ƙasa tun yanzu, domin ta gindaya sharaɗin a ba ta sanarwa a rubuce kafin a kai ta ƙara, ta kuma sa wa'adi gajere. Fentin watan jiya aka shafa shi, to ku lissafa kwanakinku daga ranar, wasiƙar kuma ta fita cikin makon nan.