Wayata ta hana ni sakat, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina kwana a unguwar Agege. Wallahi kaina ya cika, guruf ɗin WhatsApp sun yi min yawa, na 'yan garinmu, na 'yan kasuwa, na siyasa, ga Facebook ga TikTok, kullum bidiyon hari a Arewa, iyayena kuma suna ƙauye can Katsina. Ko salla nake zuciyata na kan waya, barci ma ya ƙi. In na kashe data sai in ji kamar wani abu zai faru a gida ban sani ba. A ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare mana iyaye. Tsoron da kake ji kan mutanen gida gaskiya ne, ba zan ce maka ka daina damuwa ba, amma ka tambayi kanka, ranar da wani abu ya taɓa faruwa a gidanku ta ina ka fara ji? Na tabbata kira aka yi maka, ƙaninka ko kawunka, ba a guruf mai mutum ɗari biyar ba. To tunda haka ne ka tsayar da lokaci kullum, misali bayan magariba, ka kira Inna ka ji muryarta ka tambayi lafiyar gari, wannan kiran na minti biyar ya fi maka bidiyo hamsin da ba ka san ko na bara ne ko na wata ƙasa ba ma, don da yawa tsofaffi ne ake sake yaɗawa. WhatsApp ɗin da kansa tun 2020 ya taƙaita tura saƙon da aka riga aka yi ta turawa zuwa mutum ɗaya a lokaci guda, saboda ƙarya ta yi yawa. Kuma ka tuna hadisin da ke cikin Muslim, ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Guruf ɗin kasuwa ka bar shi, nan abincinka yake, can za ka ji motar kaya ta taso ko farashin buhu ya motsa. Sauran ka sa su shiru, akwai zaɓin awa 8, sati ɗaya ko har abada, ba wanda zai san ka yi, ba ka ɓata zumunci ba. Ka kashe saukar bidiyo da kansa, datarka ma za ta huta. Sannan ka gyara saitin ta yadda ba kowa zai jefa ka guruf ba.

Shirun da kanka yake buƙata don ya huta kuwa, Legas ba za ta ba ka shi ba, ga janareto ga hon ɗin danfo ga goslo, sai dai ka yanko shi da kanka. Wanda na fi gani yana yi wa 'yan kasuwa aiki shi ne bayan asuba, kar ka taɓa waya sai ka gama azkar ka sha shayinka, in da hali ma ka bar ta a ɗaki ka tafi masallaci. Da dare kuma ka sa ta caji nesa da katifa, ringin a buɗe, data a kashe, mai neman ka da gaske zai same ka.

In ka yi sati biyu a haka barcin bai dawo ba, ko gabanka na yawan faɗuwa, don Allah ka je asibiti ka ga likita, kar ka saya wa kanka maganin barci a kemis.