Amosani ne ko soriyasis?

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai haɗin gida da zai maye miki shamfu, kanki na ƙaiƙayi da ɓamɓaroki. Ki fara duba ɓawon. In mai kauri ne, fari-fari, har ya sauko goshi da bayan kunne, zai iya zama wani ciwon fata da ake kira soriyasis. Garkuwar jiki ke jawo shi, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Ni garin ganyen magarya nake damawa da ruwan ɗumi in wanke kai. Da hunturun Katsina, man kaɗanya na tausasa ɓawon soriyasis, amma in amosani ne, yawan mai na iya ƙara shi. Don Allah kar ki kankare da farce. In yana jini, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ki ga likitan fata.