Tambaya da Amsa: Kai yara gona a hutun damina

Tambaya: Assalamu alaikum. Yara suna hutu, muna so mu kai su gonar kakansu su ci gasasshiyar masara. Me za mu kiyaye?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku fita da sassafe, ku juyo kafin la'asar, don hadarin Agusta yakan haɗu da yamma, hanyar ƙauye ta rikiɗe ta zama laka. Kowa ya sa dogon wando da takalmi sau-ciki saboda ƙaya da maciji. Don Allah kada su shiga kududdufi, a nan ake kwasar tsargiya.

Masarar kuwa, a zaɓi wadda gemunta ya bushe. A matsa ƙwaya ɗaya da farce: in ruwa fari kamar madara ya fito, ta yi. A bari harshen wuta ya mutu sai jan garwashi, in ba haka ba waje ya ƙone, ciki ɗanye. A riƙa juyawa, minti 10 zuwa 15 ya isa. A gasa ta ranar da aka karyo, don in ta kwana zaƙinta yakan ragu.