Makanike ya ce turbo ya mutu: in taɓa jari ko in sayar da motar?

Wani ɗan kasuwa a Jos ya aiko mini da tambaya. Yana da a-kori-kura ƙirar Hilux mai shan dizal, injin 1KD. Yana saro dankalin Turawa a Bokkos, ya sauka da shi Akwanga da Lafiya, ya dawo da doya. Tun da hunturu ya kama, in ya tayar da motar da asuba sai ta yi nauyi, ya taka totur ba ta amsawa, ga baƙin hayaƙi a hawa. In rana ta ɗaga kuma sai ta ɗan sake. Makanikensa ya ce turbo ne ya mutu, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, a sayo wani. Kuɗin da ke hannunsa na sarin kaya ne. Ya ce: "In cire daga jari, ko in ci bashi, ko in sayar da ita in huta?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Ukun nan duk ka dakata da su tukuna, domin ban gamsu cewa turbo ɗinka ya mutu ba.

Dalilina yana cikin maganarka. Ka ce in rana ta yi motar tana sakewa. Turbo da ya lalace ba ya warkewa da hantsi. In sandarsa ta yi lako-lako, ko fukafukinsa ya karye, da asuba da azahar duk ɗaya ne a wurinsa. Sanyi ma a karan kansa ba abokin gābar turbo ba ne, don iska mai sanyi ta fi kauri, injin kuwa ita yake so. Abin da sanyi ke yi shi ne ya tona ƙaramar matsalar da zafi ke rufa wa asiri.

Ka fara da ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu motarka hazo take shaƙa, ga hanyoyin gona na Bokkos. Matatar iska, wadda makanikai ke kira eya kilina, tana toshewa da wuri a wannan lokaci. Ka ciro ta da hannunka ka ɗaga ta saitin rana; in haske bai ratsa takardar ba, ta gama aiki, kuma bubbuga ta a jikin taya ba gyara ba ne. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, iskar can ta fi ta bakin teku rashin kauri da sama da kashi goma cikin ɗari. Ke nan dama turbo yana aikin ƙari ne kafin ya ƙosar da injin, sai kuma aka toshe masa hanci.

Sai tiyon robar da ke kai iska daga turbo zuwa intakula (mai sanyaya iskar), daga can zuwa injin. In ya tsufa, sanyi yana sandarar da shi, bakinsa ya saki kilif, ko wata 'yar tsaga ta buɗe. Iskar da turbo ya tura sai ta zurare a hanya, dizal ya rasa abokin ƙonewa, ya fita a baƙin hayaƙi. In injin ya ɗumama roba ta yi laushi, sai tsagar ta ɗan rufe. Ka sa yaron motarka ya taka totur, kai ka tsaya gaban injin ka saurara ko za ka ji huci. Ka shafa ƙarƙashin tiyon: inda ka taɓo danshin mai da ƙura ta manne, nan ne. Alamun da ka lissafa sun fi kama da wannan, kuma kuɗinsa bai kai ribar sawu ɗaya ba.

Turbo na 1KD yana da wasu ƙananan fukafukai a ɓangaren hayaƙi da ke buɗewa suna rufewa. Kunkunniya kan taru ta ƙame su, musamman da sanyin safiya. Wannan wanki yake so, ba sauyi ba. Haka bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin), da sensar da ke auna ƙarfin iska, da matatar dizal in an sha man gefen hanya mai ruwa. Baƙin mai ma a duba: mai kauri na awo da galan yana jinkirin kaiwa ga sandar turbo da ke juyi fiye da sau dubu ɗari a minti. A zuba wanda littafin motar ya ce.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe na bincike ne. Ka nemi mai kwamfutar mota, ka bar ta ta kwana a garejinsa, a gwada ta da asuba tana sanyi. In ka kai ta da rana bayan ta yi tafiya, lafiyayya za su gani. Sau da yawa na'urar takan nuna lamba P0299. Ka riƙe wannan: ma'anarta iskar da ke shiga injin ba ta kai yadda ake so ba. Ba ta ce turbo ya mutu ba. Abin da ke yi mini ciwo ke nan, yadda ake sa mutane sayen turbo a kan wannan lamba, a ɗaura, washegari da asuba mota ta koma gidan jiya. Ba na cewa makanikenka macuci ne; wataƙila iyakar abin da ya sani ke nan. Amma ka tambaye shi cikin mutunci: in na saya bai gyaru ba, wa zai ɗauki asarar? Daga amsarsa za ka gane ko tabbaci yake da shi ko kirdado.

In kuwa an kwance tiyo an kama sandar turbo tana lako-lako har fukafukinsa na taɓa bango, mota tana shan baƙin mai, tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da kuka kamar jiniya, to turbo ne. A nan ma kada a ɗaura wani sai an gano abin da ya kashe na farko, an wanke ko an sauya siririn bututun da ke kai masa mai. In ba haka ba, sabon ma kwana kaɗan zai yi. In tokumbo za ka saya, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, ka tafi da tsohon a gwada lamba da lamba, a rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji a bayan rasit. Kada ka tura kuɗi a kan hoton waya, cinikin biri a sama ne.

Game da inda kuɗin zai fito, jari shi ne na ƙarshe. Jarinka yana juyawa duk mako; abin da ka cire a yau ka rasa ribarsa a kowane sawu mai zuwa. Ka lissafa abin da kake samu a zuwa ɗaya bayan mai da kuɗin yara da na hanya, ka ga sawu nawa zai biya gyaran. In huɗu ne ko biyar, bashi marar ruwa daga abokin ciniki, ko neman a ba ka kwasar adashi da wuri, ya fi taɓa uwar kuɗi. In dole ta tsaya, ka yi hayar mota na sati ɗaya don kada masu karɓar kayanka a Lafiya su saba da wani.

Sayarwa kuwa ban yarda da ita ba yanzu. Dillali yana jin "matsalar turbo" zai zabge fiye da kuɗin gyaran, ka yi asara biyu.

Daga wannan makon ka buɗe wa motar nata asusun, duk sawu ka ware mata wani abu kafin ka kira sauran riba. Kafin a yi binciken, ka rage lodin doyar da kake hawa Hawan Kibo da shi. Da asuba ka ba ta minti biyu ko uku mai ya zagaya, ka ja ta a hankali har allurar zafi ta motsa. In ka gama hawa kuma kada ka kashe ta nan take, ka bar ta ta yi minti biyu a tsaye. Abin da kwamfutar ta nuna, ka aiko mini da shi tare da farashin da aka yanka maka, mu sake zama a kan lissafin.