Tambaya da Amsa: Saiwoyin ƙara tsawo daga Caina, in dafa wa ɗana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Maigidana yana fatauci zuwa Guangzhou, to wannan zuwan ya taho da wani ƙullin saiwoyi da dilansa ɗan Caina ya ba shi, wai da shi suke dafa wa yaransu kaza in sun fara balaga sai su yi tsawo. Ɗana shekararsa 14 amma wlh duk 'yan ajinsu sun fi shi, ƙaninsa mai 12 ma ya kusa kamo shi, har ya daina fita ƙwallo saboda tsokana. Rubutun ledar duk Sinanci ne ba wanda ya iya karantawa. In dafa masa? Kuma in haɗa da ƙanwarsu mai shekara 9? Daga Maman Abba, Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam Maman Abba. Allah sarki, yaron ya ban tausayi, tsokanar sa'anni a wannan shekarun tana da ciwo sosai. Amma dan Allah ajiye ledar nan tukuna, ita kuwa yarinyar ko ɗanɗanawa kar ta yi.

Dilan bai yi ƙarya ba, al'adar akwai ta, ta fi ƙarfi a Taiwan da yankin Fujian na Caina, suna ce mata zhuan gu tang. Uwa ko kaka za ta samo saiwar gyaɗa ko saiwar wata irin ɗoɗɗoya, ta haɗa da saiwoyin maganinsu irin su tianqi da huangqi da ɓawon itacen duzhong a dafa da kaza har ta yi laushi, namiji a yanka masa zakara mace kuma kaza. Kuma ba haka kawai ake bayarwa ba, sai an ga muryar yaro ta fara buɗewa, wasu ma sai sun kai shi wajen likitan gargajiyarsu ya duba shi ya rubuta haɗin da ya dace da jikinsa. To kinga ke leda aka miƙo miki ba awo ba bayani.

Maganar yana aiki kuwa, babu wani ƙwaƙƙwaran bincike da ya tabbatar miyar nan tana sa yaro ya wuce tsawon da jikinsa zai kai. Ana ba yaro ne daidai lokacin da dama zai miƙe ko an ba shi ko ba a ba shi ba, ga kuma naman kaza yana ci a kai a kai, sai ya ƙaru uwa ta ce saiwa ce. Eh matasan Caina sun yi tsawo, wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna samarinsu 'yan shekara 19 sun ƙaru da wajen santimita 8 tsakanin 1985 da 2019, amma saiwoyin nan kakanninsu ma sun sha, abin da ya canja shi ne nama da madara da ƙwai da asibiti da suka wadata.

A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani guringuntsi, daga nan tsawo yake fitowa, kuma sinadaran balaga ne suke fara zaburar da shi sannan su rufe shi, a mace wajen shekara 14 zuwa 16, namiji 16 zuwa 18. In ya rufe shikenan ko tukunya goma aka sha. Shi ya sa hankalina ya fi tashi kan 'yar shekara 9 ɗin nan, domin likitocin Taiwan da kansu suna ta gargaɗin iyaye cewa ɗura wa yaro kayan ƙarin ƙarfi da wuri yana iya janyo balaga kafin lokaci, ta miƙe yanzun kina murna, ƙashin ya rufe da wuri ta tashi gajeriya fiye da yadda za ta kasance.

Sannan ba ki san me ke cikin ledar ba. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan an musanya wata saiwar Caina da wata mai guba a maganin rage ƙiba, Taiwan ma ta haramta wannan nau'in a 2003. Ana kuma samun masu cusa maganin bature irin su dexa a kayan gargajiya, shi kuwa kumbura yaro yake yi ya tauye masa tsawo. Ko mai lambar NAFDAC ne, lambar ba shaida ba ce cewa yana ƙara tsawo, balle wanda ba shi da ita.

Kaso mafi yawa na tsawo, wajen 80 cikin 100, gado ne. Ki haɗa tsawonki da na babansa a santimita ki ƙara 13 ki raba biyu, misali shi 170 ke 160, zai ba ki 171.5, to nan kusa yaron zai tsaya, da ɗan sama ko ƙasa. Ki kuma tambayi surukarki ko babansa ya yi jinkirin girma, don yana bin gida, irinsu sai sa'anninsu sun tsaya su kuma su taso.

Ki kai shi wajen likitan yara, in da hali a asibitin koyarwa, a auna shi a yi hoton ƙashin hannunsa na hagu, shi zai nuna sauran lokacin da ya rage masa. Shekara 14 in babu wata alamar balaga dama lokacin dubawa ya yi. A duba jininsa, sikila da tsutsar ciki da matsalar maƙoƙo duk suna hana girma. Ki tafi da ledar a jaka ki nuna wa likitan. Kazar kuwa ki dafa masa abarsa da kayan miyarki, ga wake ga ƙwai ga nono ga kifi, ki karɓe waya da dare ya samu barcin awa 8 zuwa 10 don a cikin barci mai nauyi sinadarin girma ya fi fita, kuma babansa ya lallashe shi ya koma ƙwallon nan.