Amsa ga ɗan ƙanena kan abin da ake shafa wa fata bayan rini

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin na ji wani abu ya taɓa min zuciya. Ka ce ka rina fatar akuya da karan dafi, ka ɗinka gafaka, yanzu kana tambaya ko ka fesa mata man gwangwanin nan mai sheƙi da ake sayarwa a kasuwa, ko ka shafa mata man gyaɗa kamar yadda ka ji ana cewa mutanen da suna yi. Dariyar ta ganin jikan dukawa yana tambayar wannan ta waya ce, alhali mu a gaban tabarmar kakanka muka koye shi, wani lokaci da rankwashi.

A zamaninmu babu wanda yake fara maganar mai sai ya san hannun da fatar ta fito. Majemi ya jiƙa ta, ya cire gashi da toka, ya jeme ta da bagaruwa, sannan ta zo wurinmu mu ba ta ja da karan dafi, ko baƙi da kuloko, ko rawaya. Jar akuyar Sakkwato da fatake a da suke haurawa da fatarta Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ba feshi ne ya yi mata suna ba. Kakanka yakan ce sheƙin fata a damtsen baduku yake, shi ya sa yake sa mu shimfiɗa ta a kan katako mu yi ta guga da dutse mai santsi ko gindin kwalba har hannu ya mutu.

Ban manta shekarar 1973 ba, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, domin a azumin shekarar ne wani malami daga cikin birnin Kano ya ba kakanka aikin gafakar Alƙur'ani, ja mai adon baƙi, ya ce da ita zai fita idi. Kakanka ya rina, ya rataye ta a inuwa, ya tafi kasuwar Kurmi sayen zare, ya bar min umarni ɗaya kawai, cewa kada in taɓa ta. Ni kuwa ina ɗan shekara goma sha huɗu, na ga jan ya yi min fari-fari kamar mai ƙura, sai na ɗebo man gyaɗa a ƙoƙo na kwarara mata tun rinin bai gama kamawa ba. A idona ta yi kyau ƙwarai, tana ƙyalli kamar goshin amarya. Da ya dawo bai ce min uffan ba, ya goge abin da zai gogu, amma jan ya riga ya koma launin hanta, kuma lokaci ya ƙure, sai aka miƙa ta a haka. Ranar salla da hantsi sai ga malamin a ƙofar gidanmu, farar babbar rigarsa da jan tabo tun daga kafaɗa har ƙugu, daidai inda gafakar ta kwanta. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce wa kakanka, "Malam, ga aikinku ya biyo ni masallaci." Kakanka ya biya kuɗin rigar, ni kuma na yi wata guda ban taɓa basilla ba, guga kawai nake yi.

Daga baya ne ya zaunar da ni ya ce ubansa ya gaya masa fata kamar jariri take, kaɗan-kaɗan ake ba ta, kuma sai ta haɗiye na farko ake ƙara mata. Kowane mai yana duhunta launi, man gyaɗa kuma idan ya yi yawa yakan yi wari ya jawo ɓera. Ga abin da za a riƙa lanƙwasawa, kamar maratayi ko takalmi, man kaɗanya ko man shanu ɗan kaɗan a tsumma yake hana shi tsagewa da hunturu. Abin da zai gogi tufafi kuwa sai an goga masa farin ƙyalle an ga bai fito da ja ba, sannan a bi shi da kakin zuma a sake guga.

Man feshin naku ban ce haramun ne ba, domin na ga yana hana rini zuba, amma a saman fata yake zama kamar leda, kuma na sha ganin jakunkuna a Ƙofar Wambai suna walƙiya, bayan damina ɗaya su fara ɓarewa a wurin lanƙwasa, ga shi mai ba ya ƙara shigarsu balle a gyara. Abin da ya fi damuna shi ne ku yaran yanzu kuna so ku rina da safe ku sayar da la'asar.

Ba ka gaya min ko gafakar ta rataya ce ko ta ajiya a ɗaki ba, ba ka kuma faɗi kwana nawa ta yi da rini ba. Ka ajiye guntayen da ka yanke daga jikinta, kada ka zubar, ka zo min da su ranar Juma'a tare da gwangwanin naka mu gwada a kansu.