Tambaya da Amsa: Kuɗina kaɗan ne, me zan fara saya in haɗa kwamfutar gem?

Tambaya: Assalamu alaikum yaya, fatan kana lafiya. Don Allah shawara nake nema, na daɗe ina tara 'yan kuɗi don in haɗa kwamfutar buga gem tawa ta farko, dama a waya nake bugawa sai wata tsohuwar laftof da take shaƙewa da zarar na buɗe gem mai nauyi. Waɗanda nafi bugawa sune EA FC da GTA V da Fortnite, kuma ina da burin watarana in gwada Cyberpunk 2077. Wani abokina yace in zuba kuɗin a firosesa mai ƙarfi irin Core i7 ko i9, wai ita ce ƙwaƙwalwa, sauran kayan duk ɗaya ne. Kuɗin ba yawa kuma in na ɓata su ba wasu zan samu nan kusa ba. Me zan fara saya, kuma a ina zan rage?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanina. Abokinka yana da rabin gaskiya, firosesa ƙwaƙwalwa ce, amma a harkar gem mai ɗaukar dakon kayan shine katin girafik, shi yake zana duk abin da idonka yake gani a sikirin, inuwa da ciyawar fili da hasken motoci da dare, kuma sai ya sake zana su sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. In ka sayi i9 ka haɗa ta da kati mara ƙarfi, tamkar ka sayi ingarman doki ne ka ɗaure shi a turke, ƙarfin yana nan amma ba inda zashi. Don haka kafin ka taɓa komai ware kusan rabin kuɗin, ko dai aƙalla kashi 40 cikin 100, kace wannan na kati ne, sauran kayan su raba abin da ya rage.

Toh wane kati? Ya danganta da monitan da zaka buga a kai, kuma ga mai ƙaramin aljihu monita mai matsakaicin kaifin hoto, wato 1080p, shine daidai, kar wani ya ruɗe ka da mai kaifi sosai irin 4K yanzu. A wannan mataki akwai RX 6600 na AMD da ya fito a 2021, yana da ma'adanar hoto 8GB kuma wutar da yake ci bata wuce wat 132 ba, gem ɗin nan uku da ka lissafa zai ɗauke su cikin ruwan sanyi, Cyberpunk ma zai buga in ka ɗan sauke saitin. Sama da shi kaɗan akwai RTX 3060 na Nvidia mai 12GB, amma fa ka karanta kwalin da kyau don akwai wani 3060 ɗin mai 8GB da aka fitar daga baya, suna ɗaya amma bai kai na farkon gudu ba. Sai RTX 4060 na 2023, wat 115 kawai yake ci, da RX 7600. Intel ma sun fitar da Arc B580 a ƙarshen 2024 mai 12GB, kati ne mai kyau amma sai ka kunna masa wani saiti da ake kira Resizable BAR a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kwamfuta tana tashi, kafin ya nuna ainihin ƙarfinsa, kuma baya jin daɗin zama da tsohuwar firosesa. Wanda zan ce ka guje shi shine RX 6500 XT mai 4GB, araharsa zata ja ka amma 4GB ta yi kaɗan ga gem ɗin yanzu, zaka ga wasan yana tafiya lafiya kawai sai ya riƙa cijewa saboda ma'adanar ta cika. Ni dai ƙasa da 8GB bana ba kowa shawara.

Firosesa kuwa matsakaiciya ta ishe ka. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, dukansu ƙwayoyin aiki shida ne kuma in sabbi ne a kwali suna zuwa da fankarsu, kaga kuɗin fanka ya huta kenan. Harafin F ɗin nan na Intel yana nufin ba girafik a cikinta, 5600 ɗin ma haka take, wato sai da kati zaka ga hoto, kuma wayar monita a jikin katin zaka jona ta ba a jikin madabod ba, wato babban allon da sauran kayan suke hawa, mutane da yawa ranar farko suna zaton sun ƙona kaya alhali ramin da suka soka wayar ne ba daidai ba.

Akwai maganar da zaka ji ana ta yi, wai AM4, wato mazaunin da 5600 take hawa, ya tsufa tunda tun 2016 yake, gara AM5 da ya zo a 2022. Gaskiya ne AM5 yafi gaba mai nisa, in ka ɗauki Ryzen 5 7600 yau zaka iya canja firosesa nan da 'yan shekaru ba tare da ka taɓa madabod ba. Amma ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, sabon samfurin DDR5 kaɗai AM5 yake karɓa kuma madabod ɗinsa yafi tsada, in har hawa can zai sa ka gutsuri kuɗin kati to kar ka hau, tsaya a AM4, bambancin da kati mai ƙarfi zai nuna maka yau da dare yafi wanda kake hangen samu nan da shekara huɗu.

Madabod baya ƙara gudun gem, aikinsa ya dace da firosesa ya riƙe kaya lafiya. Ga 5600 nemi B550 ƙarami irin micro-ATX, B450 ma yana yi amma tsofaffinsa sai an sabunta musu BIOS kafin su gane firosesar. Ga 12400F kuwa B660 ko B760, ka duba ko na DDR4 ne ko na DDR5 don kowanne nasa kaɗai yake ɗauka, tsagar jikin ram ɗin ma ba wuri ɗaya take ba. In ka gama lissafin kayanka ka zuba su a shafin PCPartPicker, zai nuna maka in akwai waɗanda basa shiga juna.

Ram 16GB, amma sanda biyu masu 8GB kowanne, ba guda ɗaya mai 16 ba, saboda in biyu ne hanya biyu bayanai suke bi a lokaci guda. In madabod ɗin ramuka huɗu gare shi yawanci na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake sawa, littafin cikin kwalin zai tabbatar maka. Bayan haka shiga BIOS ka kunna XMP, wasu madabod ɗin DOCP suke kiransa, in ba haka ba ram ɗin da ka saya mai gudun 3200 zai zauna yana tafiya a 2133 ko 2400 kai baka sani ba. Ma'ajiya kuma, wato inda gem ɗin zasu zauna, SSD irin NVMe mai 1TB, don manyan gem yanzu guda ɗaya yana iya haura 100GB.

Yanzu ga wurin da nake so ka saurare ni da kyau, pawa saflai, akwatin nan da yake raba wa kowa wuta. Nan ne sabbin shiga suka fi yin rowa saboda baya ƙara gudu ko kaɗan kuma ba a ganinsa, sai mutum ya ɗauko wani mara suna mara nauyi an rubuta masa wat 800 a jiki. Duk sauran kayan in sun yi rauni jinkiri kawai zaka gani, shi kuwa wannan in ya tashi mutuwa yana iya tafiya da katin nan da ka zuba rabin kuɗinka a kai, da madabod gaba ɗaya. Wat 550 zuwa 650 na kamfanin da aka sani mai garanti na shekaru ya wadatar da duk katunan da na ambata. Tambarin 80 Plus Bronze yana da kyau amma ka sani yawan wutar da baya ɓarnatarwa yake aunawa, ba shi kaɗai ne shaidar inganci ba, don haka nemi gwajin da masana suka yi wa ainihin samfurin da kake so. Wannan kam sabo zaka saya ƙanina, don Allah.

Inda zaka rage ba tare da asara ba shine fitilu masu launi, kes mai gilashi ta ko'ina, da na'urar sanyaya ta ruwa wadda firosesa irin taka bata buƙata sam. Kes mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya isa, kawai auna tsawon katinka ka tabbatar zai shige.

Tambaya: Sallama yaya, ƙanina nake so in taya haɗa tasa kwamfutar, mun ga katin girafik na hannu da sauƙi sosai amma ana ce mana irinsu an gama da su wajen haƙar kirifto. Mu saya ko mu bari?

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya saka miki da alheri da wannan taimako. Gaskiya ne an haƙi kirifto da katuna masu yawa, kuma da Ethereum, ɗaya daga manyan kuɗin kirifto, ta daina tsarin haƙa a Satumban 2022 an sako su kasuwa birjik. Amma kati baya lalacewa don kawai an yi haƙa da shi, abin da yafi gajiya shine fankokinsa da man nan mai ɗauke zafi da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya, kuma duka biyun ana iya canja su. Sharaɗin dai kar ku biya sai an jona shi a gabanku, a buɗe gem mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark na kamar minti ashirin zuwa talatin, ki lura ko akwai ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a sikirin, ko kwamfutar ta mutu da kanta, ko fanka tana ƙara kamar tana gogar wani abu. Ku buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati kuma ku ga sunan katin da girman ma'adanarsa sun yi daidai da abin da mai sayarwa ya faɗa. In yace ba za a gwada ba, ko yace ai yana sauri, ku riƙe kuɗinku ku nemi wani.